Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Renon Furanni a Gida, Jos

Iyayenmu, yayyenmu da sauran mambobi, bayan gaisuwa mai yawa, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya aiwatar a shekarar da ta ƙare.

Kamar yadda babban taro ya amince, mun mayar da hankali ne ga yaɗa furen wardi ta hanyar dasa reshe, domin mambobi su huta da sayen tsiro da tsada a bakin titi. Da yake Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, Allah ya hore mana sanyin da wardi yake so.

An yi horo na farko a Rayfield cikin watan Mayu, bayan ruwa ya zauna. An nuna yadda ake zaɓar reshe mai kaurin fensir wanda furensa bai daɗe da kaɗewa ba, a yanko santimita 15 zuwa 20 da wuƙa mai kaifi daidai ƙarƙashin gaɓa, a zage ganyen ƙasa a bar biyu a sama, sannan a cusa rabinsa cikin ledar fiya wata da aka huhhuda gindinta, aka cika da yashi da baƙar ƙasa. An jera ledojin a inuwa, kuma cikin makonni shida zuwa takwas galibinsu suka yi saiwa. Muna tunatarwa cewa sabon toho ba shi ne shaidar kamawa ba, domin reshe yakan fitar da ganye da ƙarfin jikinsa alhali ƙasansa babu komai. Wasunmu, har da mai rubuta wannan rahoto, sun yi ta tumɓuke rassa don su duba, suka kashe su da hannunsu.

Horo na biyu da aka yi a Bukuru cikin Agusta bai yi armashi ba, kuma laifin kwamiti ne. Mun sa shi a tsakiyar marka, muka kuma zuba kashin kaji wanda bai gama ruɓewa ba, sai rassan suka yi baƙi daga gindi suka lalace.

Kuɗin wata ya tafi ne wajen sayen yashi da taki, kuma ma'aji zai karanto lissafinsa a zaman gaba.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za a kammala duk wani dashe kafin ƙarshen Yuni, sannan a fara koyar da auren wardi, wato haɗa reshen wani irin wardi a jikin wani. Ana roƙon kowane gida ya fara tara ledojin tun yanzu.