Zuwa ga Lawali a Agadas

Maraɗi, daren Litinin

Assalamu alaikum Lawali,

Ina gajiya, ina zafin Agadas? Wata 4 ke nan rabonmu da magana, kuma sau biyu ka kira ban ɗauka ba. Ba fushi na yi ba, abin da ke raina ne ya fi ƙarfin waya.

Na bar fadarmu ta hira da shan shayi, Lawali. Tun da na shiga i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, bayan rasuwar Baba, karta ta fita raina, balle ta kuɗi. Wallahi ban yi wa kowa wa'azi ba. Amma ranar da na koma bencinmu na ƙofar gidan su Habu, ana hango ni aka kife karta, Sani ya ce a ba Ustaz kofin farko. Aka yi dariya, daga nan hira ta mutu murus. Na sha na farko, ban jira na biyu ba. Mutanen da muka taso tare tun muna lakwal, yau ni ne baƙo a cikinsu. Abin ya yi mini ciwo, don har gobe ina son su.

Ba wanda ya gaya mini tsawon da dare ke da shi bayan sallar Isha. Sai in kwanta a tsakar gida ina jiyo shewarsu ta bayan katanga, ina iya gane dariyar kowa. Inna har ta fara tambaya ko ba ni da lafiya.

Kai kuma, mai cewa ba ka iya kwana 3 ba tuwon Inna, an ce taliyar Agadas ta yi maka tumbi. Aiko hoto mu gani da idonmu!

Na shiga makarantar dare nan unguwar Zariya, ina zaton can zan samu 'yan'uwa. Karatun dai ina samu, alhamdu lillahi. Sai dai ana tashi manyan ɗalibai su kama gardamar ƙabalu da sadalu, kowa tambayarsa ɗaya: Izala kake ko ɗariƙa? Ni da har yanzu nake babin alwala, me zan ce musu? Can ma sai na koma gefe.

Ka tuna Malam Idi tela, na babbar kasuwa, wanda ya ɗinka mana kayan Sallah iri ɗaya? Wata asuba ina shirin fita daga masallaci ya riƙo hannun rigata ya ce, "Ɗana, zauna, rana ba ta fito ba." Ashe su 5 ne ke zama kullum har hantsi, kowa ya karanta abin da ya sawwaƙa, shi yana gyarawa. Akwai dattawa 3, da wani ɗan kabu-kabu mutumin Tibiri, sa'anmu. Ba wanda ya tambaye ni ɓangarena. Ranar Juma'a in an sauko masallaci kowa ya kawo dala 100, mu sayi fura mu tafi asibiti wajen masu jinya da suka zo daga ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji, suna kwana gindin itace ba su san kowa a gari ba. Da na zauna da wani tsoho mai jinyar ɗansa, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Gulbi ya kawo ruwa sosai bana, gero ya fara fidda kai. An sa ranar Habu bayan kaka, kuma yarinyar nan ce dai da kake tsammani. Jiya ya zo har gida ya ce ni zan zama babban aboki, na kasa ce masa komai sai hawaye. Ina so in tambaye shi ko zai raka ni asibitin ran Juma'a, amma ina tsoron ya ɗauka wa'azi ne. Kai ka fi ni sanin halinsa, me ka gani?

Inna na gaishe ka, ta ce in ka samu mai zuwa ka aiko mata da cuku da dabino.

Naka,
Mamman