A daina goge kwamfutocin ɗalibai don kawai C ta cika

Assalamu alaikum, ya Edita.

Ina roƙon ɗan fili a shafinka na wasiƙu, domin akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a sana'armu ta gyaran kwamfuta a nan Katsina. Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu da ɗalibai ke saye, musamman 'yan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Kwalejin Hassan Usman, an raba musu rumbun ajiya gida biyu, C ƙarama, D babba. Windows kuwa a C take zaune, a nan duk sabuntawa ke sauka. Kafin shekara ta zagayo C ta yi ja, D tana kwance fayau. Yaro ya kai wa mai gyara, sai a ce masa sai an yi fomat, ko kuma a ɗora masa manhajar kuɗi wadda aka fasa aka tura ta Telegram. Dukkansu biyun ba su da dalili, tunda akwai manhajojin kyauta da ke ƙara wa C fili.

Na farko ma yana cikin kwamfutar. Tun daga Windows Vista da ta fito a 2007, Disk Management, kayan aikin Windows na kula da rumbu, na iya rage fatishan (wato yankin rumbu irin C ko D) ko ƙara shi ba tare da an goge komai ba. Babbar matsalarsa ita ce: ba ya ƙara wa C sai filin da ke manne da ita ta hannun dama. In ka rage D, filin zai fito ne a bayan D, sai ka ga umarnin ƙarawa ya dusashe. A nan mutane ke karaya. Amma in kayan D kaɗan ne, kwashe su zuwa filas, goge D, ƙara wa C abin da take so, sannan ka sake yanka D da ragowar.

In kuma D cike take, ko akwai ƙaramin fatishan na farfaɗo da Windows a tsakani, ni manhajar GParted nake zaɓa. Tun 2004 ake amfani da ita, kyauta ce baki ɗaya, kuma lambobinta a buɗe suke ga duk mai son dubawa. Ana sauke GParted Live, a rubuta ta a filas da manhajar Rufus, a tayar da kwamfutar daga nan. Tana iya tura D gaba ta buɗe fili kusa da C, ta san tsarin ajiyar fayil irin su NTFS da FAT32 da ext4 na Linux. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne ba ta taɓa komai sai ta jera maka duk abin da ka umarta, ka duba, sannan ka amince.

MiniTool Partition Wizard da AOMEI Partition Assistant da EaseUS suna da nau'in kyauta, kuma sun fi sauƙi ga wanda bai saba ba, don a cikin Windows ake buɗe su. Sai dai wasu ayyukan a kulle suke sai an biya. Wanda zai ɗauka ya ɗauko daga shafin kamfanin. Manhajar fatishan tana da iko da rumbun ajiya gaba ɗaya, don haka saka wadda aka fasa tamkar miƙa wa baƙo makullin ɗakinka ne.

Babban haɗarin a wurinmu shi ne wuta. Tura fatishan na nufin kwashe duk abin da ke cikinsa daga wuri zuwa wuri, kuma a tsohon rumbu mai juyawa aikin kan ɗauki sa'o'i. Batirin yawancin kwamfutocin nan ya mutu. Aka ɗauke wuta ko janareta ya tsaya a tsakiyar aiki, to kundin digirin yaro na iya tafiya ke nan. Shi ya sa ba na farawa sai an kwafe muhimman kaya zuwa wani wuri, ko da mai kwamfutar na gaggawa. A kashe Fast Startup, domin yana barin Windows cikin rabin barci har GParted ta ƙi taɓa C. In an kunna BitLocker, makullin sirrin da Windows ke yi wa rumbu, a warware shi tukuna, a kuma adana lambobinsa 48 na buɗewa. Kada a matsar da farkon C, don Windows na iya ƙin tashi. Tsohon tsarin raba rumbu mai suna MBR kuma manyan fatishan 4 kawai yake ɗauka.

Ina kira ga sassan kimiyyar kwamfuta na makarantunmu, har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, su riƙa koyar da wannan a aikace tun shekarar farko. Kai kuma, ya Edita, a taimaka a ware shafi guda a nuna matakan da hotuna cikin Hausa.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.