Kwabon Turkiyya a Adakar Kakata

Assalamu alaikum Edita,

Da muke kwashe kayan marigayiya kakata, a ƙasan adakarta muka tsinci wani kwabon azurfa, an huda shi an zura zare. Kakanmu ne ya zo da shi daga Makka, lokacin da ake tafiya a ƙasa ta Sudan.

Gefe ɗaya akwai rubutu a murɗe kamar zayyanar allo, wato tambarin Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. A ɗaya gefen an rubuta an buga shi a Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, sai 1293. Wani dillali ya rantse mini shekarar bugawa ke nan. Ashe ba haka ba ne. 1293 ta Hijira shekarar da Sultan Abdulhamid na Biyu ya hau mulki ce, wato 1876, kuma ita ake maimaitawa a kuɗinsa har ya sauka. Sai da na sa tabarau na ga ƙaramar lamba 20 a ƙarƙashin tambarin, shekara ta ashirin a sarautarsa. Haɗa 1293 da 20, ka cire ɗaya, ka samu shekarar bugawa: 1312, wajen 1894 zuwa 1895.

Masu irinsa a gida, don Allah kada ku goge shi da toka. Ƙanwata ta fara, da ƙyar na ƙwace.

Naka,
Mai karatu daga Zariya