Kada a karanta teburin hokin ƙanƙara da idon Firimiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka na sashen wasanni.

Watan Janairu ne tsakiyar kakar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. A lokacin ne masu rahoto kan ɗauko teburi su karanto maki, su ce wance ta yi gaba, wance kuma ta gama yawo. Roƙonmu shi ne duk ranar da filinku zai taɓo wannan gasa, kada a karanta teburinta yadda ake karanta na Firimiya. Lissafin ya sha bamban, kuma kakar 2018 zuwa 2019 a rukunin Tsakiya, ɗaya daga cikin rukunai huɗu na gasar, ta isa hujja.

A hoki babu canjaras. Ana buga zango uku, kowanne minti 20. Wadda ta yi nasara tana da maki biyu, wadda aka doke a cikin mintuna 60 ba ta da komai. Idan aka tashi kunnen doki sai a ƙara minti biyar, 'yan wasa uku-uku ban da masu tsaron raga, in ba a samu gwani ba a je bugun daga kai sai mai tsaron raga. Wadda ta faɗi a wannan mataki tana tafiya gida da maki ɗaya. Wato wani wasan maki biyu ake rabawa a cikinsa, wani kuma uku. Wannan maki ɗaya na wanda aka kayar shi ne ke cunkushe teburi. A waccan kakar Colorado ta ci wasa 38, Arizona ta ci 39, amma Colorado ce ta samu gurbin zagayen fitar da gwani da maki 90, Arizona ta tsaya a 86. Sau 14 aka doke Colorado bayan cikar lokaci, Arizona kuwa sau takwas. Wanda ya dubi yawan nasara kaɗai ba zai gane yadda aka yi ba.

Sai kwantan wasa. Kowace ƙungiya wasa 82 ta buga a kakar, kuma ba a tafiya tare mako-mako kamar ƙwallon ƙafa. A Janairu ana samun ratar wasa uku ko huɗu tsakanin maƙwabta a teburi, wato maki shida ko takwas da ba a riga an yi takara a kansu ba. Gyaran mai sauƙi ne: a raba makin ƙungiya da ninki biyu na wasannin da ta buga. Mai maki 50 a wasa 40 ta kwashi kashi 62.5 cikin 100 na abin da za ta iya samu, mai maki 52 a wasa 44 kuma kashi 59. Ta biyun ce a sama a teburi, ta farkon ce a gaba a zahiri.

A ranar 3 ga Janairun 2019, St. Louis Blues ce ta ƙarshe a duk gasar mai ƙungiyoyi 31. Ta buga wasa 37, ta ci 15, an doke ta 18 a cikin lokaci, huɗu bayan cikar lokaci, makinta 34. Tun watan Nuwamba ta sallami kocinta Mike Yeo ta ɗora Craig Berube a matsayin riƙo, kuma ba a ga canji nan take ba. Winnipeg Jets da Nashville Predators ne ke saman rukuninta na Tsakiya.

Abin da teburi ba ya nunawa shi ne mai tsaron raga, kuma a hoki babu ɗan wasan da ya kai shi nauyi. Sauran 'yan wasa ana sauya su ne kusan kowane sakan 45, shi kuwa yana tsaye duk mintuna 60, ana auna masa faifan roba, wato ƙwallon hoki, kamar sau 30 a wasa. Mai tare kashi 90 cikin 100 za a ci shi uku. Mai tare kusan kashi 93 za a ci shi biyu da ɗan ɗoriya. Wannan 'yar ratar, idan aka tara ta a wasa 45, ta haura ci 30. Ƙungiya na iya riƙe faifai, ta fi abokiyar karawarta kai hari, amma in ragarta na yoyo sai a gan ta a ƙasa ana ce mata ba ta iya ba. A ranar 7 ga Janairu Berube ya fara wasa da Jordan Binnington, ɗan shekara 25 da aka ɗauko daga ƙaramar gasa, a gidan Philadelphia. Aka tashi 3 da nema, ba a ci shi ba. Ya ƙare kakar da nasara 24, yana tare kashi 92.7 cikin 100. Daga ƙarshen Janairu zuwa 19 ga Fabrairu ƙungiyar ta ci wasa 11 a jere. A wasanni 45 da suka rage mata bayan 3 ga Janairu, ta ci 30 ta tara maki 65.

Winnipeg kuwa ta ja baya, domin rauni ya raba ta da manyan masu tsaron bayanta biyu, Dustin Byfuglien da Josh Morrissey, na tsawon makonni. Ta ɗauko Kevin Hayes ranar rufe kasuwar musayar 'yan wasa, 25 ga Fabrairu, Nashville ma ta ɗauko Mikael Granlund da Wayne Simmonds. A ganinmu ana zuzuta cefanen wannan rana fiye da kima. St. Louis ba ta sayi wani babban suna ba, amma aka ƙare Nashville na da 100, Winnipeg 99, St. Louis 99, Dallas 93. Winnipeg ce ta zama ta biyu saboda ta fi yawan nasarorin da ba na bugun raba gardama ba, ƙa'idar da ake bi a waccan kakar.

Wasannin cikin rukuni su ma a sa musu ido. Uku na farko a kowane rukuni ne ke wucewa kai tsaye, sai ƙarin gurbi biyu a kowace daga cikin shiyyoyi biyu na gasar. A waccan kakar 'yan rukunin Tsakiya sun haɗu da juna sau huɗu ko biyar. Doke abokiyar hamayya a cikin mintuna 60 na buɗe ratar maki biyu, doke ta bayan cikar lokaci kuwa ɗaya kacal. Kuma da waɗannan maƙwabtan ake fara cin karo a zagayen fitar da gwani, inda sai ƙungiya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. St. Louis ta fitar da Winnipeg a wasa shida, Dallas a bakwai bayan ita Dallas ta fitar da Nashville, sannan San Jose a shida. A ranar 12 ga Yunin 2019 ta doke Boston 4 da 1 a wasa na bakwai, ta ɗauki kofin Stanley, kofin zakaran gasar, karo na farko tun kafa ta a 1967. Tampa Bay da ta ci wasa 62 a kakar, Columbus ta yi waje da ita tun zagayen farko ba ta ci ko wasa ɗaya ba.

Don haka, ranka ya daɗe, in za a kawo teburin tsakiyar kaka, a haɗa da yawan wasannin da kowace ƙungiya ta buga, da sau nawa aka doke ta bayan cikar lokaci, da kason da mai tsaron ragarta ke tarewa, da sunayen manyan 'yan wasanta da ke jinya. Layi biyu ko uku sun isa ɗaukar wannan.

Mun gode.

Naku,
Wasu masu bibiyar wasan hokin ƙanƙara