Rahoton ayyukanmu na bana

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ga abin da ƙungiyarmu ta yi bana, ku yi haƙuri zan daɗe a kan abu ɗaya don gaskiya shi ya cinye mana lokaci.

Ajin kwamfuta na ranar Asabar a Tudun Wada yana nan bai tsaya ba sai lokacin azumi, matsalar dai ita ce wuta da kuɗin data kamar kullum.

Babban aikin shi ne na ƙannenmu ɗalibai, manhajar nan da ke ɗaukar abin da mutane ke rubutawa a intanet ta mayar da shi kiɗa da zane. Waɗanda suka ji ta bara sun san yadda take, kowane harafi an ba shi sautinsa, sai abin ya fito kamar yaro na danne-dannen waya. Muka gayyato wani dattijo makaɗin kalangu daga Kawo, Baba ya saurara har ƙarshe sannan ya ce mana wannan abin namu yana ƙara amma ba ya magana, kalangu kuwa magana yake yi saboda yana bin hawa da saukar muryar Hausa, ka matse igiyoyin a hammata sauti ya hau, ka saki ya sauka. Wallahi maganar nan ce ta sa muka rushe aikin muka sake lale.

To sai ga inda gizo ke saƙar, rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kukan yaro da kukar miya duk kuka ake rubutawa, garin Kaduna da garin tuwo ma haka, mu muna ganewa amma kwamfuta ina zata sani? Yaran suka koma ƙamus ɗin Hausa da Turanci na Bargery na 1934 da ke nuna karin kalmomi, suka dinga haɗa nasu jerin kalma bayan kalma, Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, na yanka rubutu gaɓa-gaɓa, manhajar haɗa kiɗa ta Sonic Pi na kaɗawa da sautin kalangun da Baba ya yarda muka naɗa, kuma mun biya shi haƙƙinsa. Ga kuma yadda muke rubutu, slm, ykk, wlh, ba ƙ ba ɗ, duk sai da aka koya mata. Ranar da manhajar ta fara kaɗa "sannu da zuwa" har Baba ya gane ba tare da an faɗa masa ba ni dai sai da tsikar jikina ta tashi.

Zanen ma an canza, an cire ƙyale-ƙyalen launin nan an sa dagin Arewa da aska takwas irin ta babbar riga. Mun kuma tsaida cewa sunan mai rubutu ba zai fito ba, zagi kuma ba za a kaɗa shi ba.

Har yanzu tana rikicewa a kalmomi masu ma'ana biyu, shi ne aikin baɗi insha Allahu. Masu bashin kuɗin wata don Allah a kai wa ma'aji, sifika mai kyau muke so mu saya kafin taron gaba.