Wasiƙa zuwa ga ɗana, kafin in ba shi bindigar kakansa

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan sai godiyar Allah. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yara. Ƙanwarka ce take rubutawa ina faɗa mata, domin ido ya yi rauni.

Saƙonka ya iso. Ka ce ka ba da sunanka cikin 'yan sa-kai masu shiga daji, kuma kana so in aiko maka da bindigar kakanka. Shiga dajin bai tayar mini da hankali ba, gadonka ne, a ciki aka haife mu. Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da ka rufe saƙon da ita, cewa tun ranar da aka kashe mafarautan nan 16 a Uromi ta jihar Edo ka cire Najeriya daga zuciyarka, yanzu naka kawai ka sani.

Ni ma na yi kuka a ranar. Mutane ne irinmu, sun taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Sallah a watan Maris na 2025, da karnukansu da bindigoginsu na toka. Amma ka tsaya ka tuna waɗanda suka fara tare motar. 'Yan sintiri ne. Mutanen gari ne da masu garkuwa suka addaba, suka tashi kare kansu, suka ga baƙin fuskoki da bindigogi, suka yanke hukunci kafin su yi tambaya. Aikin da kake shirin shiga ke nan, kuma da irin zuciyar da suka fita da ita a ranar kake shirin fita. Wannan ne ya sa na ce a ɗauko takarda.

Ina ɗan shekara goma aka buɗe gandun Yankari ga baƙi, a ƙarshen 1962. Tun 1956 aka shata shi, kuma kakanka bai taɓa yafe wa wanda ya ja layin ba. Maharbi ne na gaske, mai kwari da baka da dafin kwankwani, mai sa burtu a goshi ya yi rarrafe har tsakiyar garken gwanki ba su ankara ba. Rana ɗaya aka ce masa dajin da ubansa ya koya masa ya zama na hukuma. Da na karɓi aikin gadin gandun a 1974, wata uku bai amsa gaisuwata ba. Sai da ya tsufa na kai shi bakin kogin Gaji da rani, ya ga giwaye sun sauko shan ruwa da 'ya'yansu, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a duk dazukan da ya yi yawo yana saurayi nan kaɗai suka rage. Daga ranar ya daina kirana ɗan gwamnati.

Shekara 35 na yi ina taka wannan daji da ƙafa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma babu mashayar da ban kwana kusa da ita ba. Na ga ya koma hannun tarayya a 1991, na ga an mayar wa jihar Bauchi a 2006. Kakin da muke sawa ya canja, masu sa hannu a takarda suka canja, ruwan maɓuɓɓugar Wikki yana nan da ɗuminsa dare da rana, rani da damina. A can na fahimci abin da nake kira ƙasata. Ni ban san ta a tuta ko a jawabin rediyo ba. Na san ta a ƙasar da na taka, da itatuwan kawo da marke da na hana a sare, da mutanen da muka raba gora ɗaya ta ruwa a watan Afrilu.

Cikin mutanen nan akwai wanda ban taɓa ba ka labarinsa sosai ba. Wata shekara da kaka, ina cire takalmi da magariba, kububuwa ta sare ni a ƙafar hagu. Ka san halinta. Ƙarama ce, launinta na ƙasa, saranta ba ya kayar da mutum nan take, shi ya sa ake raina ta. Dafinta jini yake tsinkawa. Kafin tsakar dare dasashina yana zubar da jini, tsohon tabo ma ya buɗe. Abokan aikina suka kawo reza za su tsaga wurin, wani ya kawo baƙin dutse. Wani yaro ɗan bautar ƙasa da aka turo mana shi ya hana su. Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba. Ya ɗauke ni a kafaɗa ya sa a mota, ya tuƙa ta cikin dare fiye da kilomita 100 har asibiti a Bauchi, ya kwana a kan benci har aka yi mini allurar kashe dafi. Ɗan tsohuwar jihar Bendel ne, wadda aka raba a 1991 ta zama Edo da Delta. Lokacin ba a haife ka ba. Da ya bar ni a hannun masu reza, da babu kai, babu ƙanwarka da ke riƙe da alƙalamin nan. To, yaya zan yi in ce mutanen can ba nawa ba ne?

Tun da maganar maciji ta zo, riƙe wannan. In ya sari wani a cikinku, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya har jini ya tsaya. A kwantar da shi, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a nemi abin hawa. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da wannan aiki, in yana kusa a nufe shi. Ni ɗan maharba ne, na san saiwoyi da ganyaye fiye da yawancin masu tallarsu a kasuwa, kuma ina faɗa maka dafin kububuwa allura yake ji. Sa takalmi mai rufe idon sawu, ka zazzage shi kowace safiya.

Mutanen birni zaki suke tambaya. Zaki bai taɓa ba ni tsoro kamar ɓauna mai rauni ba. In aka harbe ta ba ta faɗi ba, sai ta shige ciyawa, ta kewayo ta laɓe kusa da sawunta, tana jiran mai bin jini. Maharbin da ya fi faɗawa hannunta shi ne wanda ransa ya ɓaci don harbinsa bai yi kyau ba. Yana sauri, idonsa a ƙasa, ya manta iska, ya manta kukan tsuntsaye. Kakanka yakan ce in ka harbi ɓauna ta gudu, zauna ka ci goro tukuna. Dorina kuma kada ka shiga tsakaninta da ruwa da asuba. Giwa mai ɗa, ɗebi toka ka saki ka ga inda iska ta nufa, ka bi ta ƙasanta. Ƙishirwa da gobarar ciyawa a lokacin hunturu su ma suna cin mutane, amma ba a ba da labarinsu a dandali.

Duk wannan ilimin dajin da ne. Dajin yanzu mutum ne abin tsoro a cikinsa. Sambisa da kake ji gandun namun daji ne kamar namu, da masu gadi da giwaye, kafin a yi sakaci da shi ya zama inda aka kai 'yan matan Chibok a 2014. Kamuku a Birnin Gwari, Rugu a Katsina, Kuyambana a Zamfara, duk haka suka tafi. Da farko masu gadi suka ragu, sai masu gawayi da masu saran madobiya suka buɗe hanyoyi, namun suka ƙare, sannan masu manyan bindigogi suka sami wurin zama. Daji ba ya zama babu mai shi. In hukuma da mutanen kirki suka janye ƙafa, wani zai shiga. Saboda haka ban ce kada ka je ba. Maharban Adamawa da suka taimaka wa sojoji ƙwato Mubi a watan Nuwamba na 2014 sun ɗaga kan duk mai wannan sana'a, kuma ba su tambayi addinin waɗanda suke ceto ba.

Amma ka ga abin da ya faru a Zamfara. An kafa 'yan sa-kai don ɓarayin shanu, wasu daga ciki suka koma kama duk Bafulatanin da suka gani a kasuwa. Wanda aka kashe wa uba ba da haƙƙi ba ya shiga daji, ya dawo da bindigar da ta fi tasu. Har yau wutar ba ta mutu ba.

Ni kaina saura ƙiris. Wata shekara mafarautan sata suka harbe abokin aikina, muka binne shi da safe. Da yamma na fita sintiri zuciyata tana tafasa. Gab da magariba na ga ciyawa tana motsi, na ga mutum da abu dogo a kafaɗa. Na ɗaga bindiga, yatsana yana kan kunama. Allah ne kaɗai ya sa na yi tsawa kafin in danna. Yaro ne na Fulani, bai fi shekara goma sha biyu ba, da sandarsa, yana neman maraƙin da ya ɓace masa. Ya tsaya yana rawar jiki yana ce mini baba. Shekara fiye da talatin ke nan, har yanzu nakan farka da fuskarsa. Ban taɓa faɗa wa mahaifiyarka ba, yau ƙanwarka ta fara ji.

Wana ya tafi yaƙin basasa a 1967 bai dawo ba, ko kabarinsa ba mu sani ba. Kakarka ta rasu tana sauraren ƙofa. Gidanmu ya riga ya biya kuɗin zaman ƙasar nan ɗaya, shi ya sa maganarka ta yi mini ciwo. Ina da nawa ƙorafin. Haƙƙina na ajiye aiki sai da na yi shekaru ina sintiri a ofisoshi kafin ya fito, ya fito kuma kuɗin ya riga ya lalace. Masu mulki sun ci amanarmu ba sau ɗaya ba. Fushina yana kansu. Bai taɓa sauka a kan kogin Gaji ba, ko a kan yaron Bendel, ko a kan makiyayin da ke neman maraƙinsa.

Ga abin da nake so. In za ka shiga, shiga ƙungiyar da hukuma da hakimi suka san da ita, mai shugaban da ake iya tuhuma. Wanda kuka kama, ku miƙa shi ga jami'an tsaro da ransa, ko da kun tabbata za a sake shi gobe. Kada ka ci ko akuya ɗaya daga abin da aka ƙwato. Kada ka sha wani abu don ƙarin zuciya. Ranar da aka kashe muku wani, kai dai kada ka fita sintiri a ranar, ka ce ni na hana ka.

Bindigar tana nan a rataye inda ka san ta, na goge ta da mai. Ba zan ba direba ita ba. Ka zo da kanka bayan girbi, mu je ƙauyen Mainamaji da ke ƙofar Yankari mu shiga gandun tare, in nuna maka inda na tsaya da inda yaron ya tsaya. In mun dawo sai mu yi maganarta.

Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Mahaifinka.