Barka da Sallah daga Jamus, da Labarin Fijon Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Babbar Sallah, tare da addu'ar Allah Ya karɓi layyarmu, Ya maimaita mana ta baɗi cikin ƙoshin lafiya. Mu ma mun yi Idi a nan Freiburg, sai dai da yake ranar aiki ce, muna idar da salla kowa ya kama gabansa, yara suka wuce makaranta. Wannan ya sa ni da mai ɗakina muka ɗaga yawon Sallar zuwa Asabar, muka ɗauki yaran muka tsallaka Faransa kwana biyu, kuma abin da na gani a can ne ya hana ni haƙuri da gaisuwar waya, na ce sai na zauna na rubuta.

Daga gidanmu zuwa garin Sochaux, wanda Faransawa ke kira Sosho, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota, ana haye kogin Rayin a bi ta gefen Mulhouse. A nan ne babbar masana'antar Peugeot take tun 1912, wato Fijo ɗin nan tamu, kuma kusa da ita akwai gidan tarihin da kamfanin ya buɗe a 1988 domin adana tsofaffin motocinsa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ashe mutanen nan ba da mota suka fara ba. A 1810 'yan gidan Peugeot suka mayar da injin niƙan hatsi na gado ya zama maƙerar ƙarfe, suna yin zarto da sauran kayan aiki, daga baya suka shiga ƙera ɗan injin niƙa gahawa da na barkono, sannan kekuna. Zakin da muka saba gani a goshin motar ma asalinsa tambarin zarto ne, ana nufin haƙoransa suna da ƙarfi kamar na zaki. Sai a 1889 Armand Peugeot ya fito da motarsa ta farko, mai ƙafa uku, wadda tururi ke tafiyar da ita. Motocin wancan zamani, in ka gan su, sai ka ce keken doki ne aka kwance wa dokin, ga ƙafafu sirara, ga fitilu irin na a-ci-balbal, direba kuwa yana zaune a sarari rana da ruwa duk nasa ne.

Mun bi su ɗaya bayan ɗaya, yara suna gaba suna ɗaukar hoto, har muka wuce 404 ta 1960, wadda a-kori-kurarta ta sha dakon buhuna a kasuwannin ƙauyukanmu. Ina juyawa sai ga 504. Baba, wallahi ban san lokacin da na tsaya cak ba. Ga fitilun nan masu kusurwa, ga zakin a tsakiya, ga fenti yana sheƙi kamar yau ta fito, an kewaye ta ba a yarda kowa ya taɓa ba. Na sunkuya na leƙa ta gilashi, na ga sitiyari da kujeru, nan take ƙamshin cikin taka wagon ɗin ya dawo mini, fetur da goro da ƙurar hanya, na tuna asubahin da kake buɗe bonet ka duba ruwan lagireto da baƙin mai kafin ka nufi tasha jiran lodin Kano.

Jikanka babba ya tambaye ni dalilin da ya sa na yi shiru. Na ce masa da irin wannan motar kakansa ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kaduna da Kano, da ita aka ciyar da mu, da ita aka biya kuɗin makarantar da ta kawo ni ƙasar nan. Na gaya masa an fara yin ta a 1968, ta ci lambar gwarzuwar motar Turai a 1969, kuma tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, garin da aka haifi ubansa, har aka ci gaba da yin 504 a can shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Ya yi ta neman madannin sauke gilashi bai gani ba, da na nuna masa hannun da ake murzawa sai ya ce lallai in ya zo gida Kaka zai koya masa.

Maganar da ya yi ce ta tsaya mini a rai har muka dawo. Su Faransawa sun ajiye 504 ɗin da ba ta sha wahala ba suna karɓar kuɗin shiga a kanta, mu kuwa da muke da wadda ta yi aikin na gaske, wadda ta ɗauki masu haihuwa da 'yan biki da masu zuwa ta'aziyya, mun bar ta a bayan gida tayoyi sun sace, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Yaya ya faɗa mini 'yan gwangwan sun zo sun taya ta, kuma na san kuɗin zai yi amfani a wannan lokaci na tsada, amma ina roƙon arziki, Baba, kada a sayar. Zan aiko da abin da suka taya da ƙari, tare da kuɗin rumfar kwano da za a yi mata, sannan a kira tsohon bakanikenka ya duba injin da kafireta ya faɗi abin da gyaran zai ci. In Allah Ya kai mu hutun baɗi, ina so ka zauna a gaba, ni in ja, jikokinka suna kujerar baya, mu je Zariya mu dawo.

Na tura hotunan wayar Yaya domin ya nuna muku. Mai ɗakina da yara suna gaishe ku da kyau, a miƙa gaisuwarmu ga Gwaggo da su Kawu da duk mutanen gida. Inna, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku.